Waiwaye: Mary Jo White, yau lauyar gwamnati gobe lauyar banki

A Amurka akwai lauyoyin da abincinsu kenan, rigima tsakanin manyan bankuna da hukumomin da ke sa musu ido, kuma in ana zancensu sai an ambaci Mary Jo White. Ta gama karatun lauya a jami'ar Kolambiya a 1974, amma sunanta ya fito ne daga 1993 zuwa 2002 lokacin da take shugabar masu gabatar da ƙara na gwamnatin tarayya a Manhatan da ke birnin New York, ita ce mace ta farko a kujerar. Ofishinta ne ya yi shari'ar waɗanda suka kai harin bam ofisoshin jakadancin Amurka a Kenya da Tanzaniya a 1998.

Tana sauka sai ta koma kamfanin lauyoyi na Debevoise & Plimpton, to nan fa labari ya juya, wadda jiya take gurfanar da mutane yau ita ce ke kare manyan bankuna irin su JPMorgan da Morgan Stanley da tsohon shugaban Bank of America, Ken Lewis. Kuma ba don komai suke rububinta ba sai don ta san cikin gidan, ta san yadda masu bincike ke tunani, ta san inda za a ja da inda gara a biya tara kawai a wuce wurin.

Ita wannan biyan tarar kuwa tsohuwar rigima ce. Hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, wadda aka kafa a 1934 bayan rushewar kasuwa ta 1929, ta daɗe tana barin kamfani ya biya kuɗi ba tare da ya amsa laifi ko ya musanta ba. Bayan masassarar tattalin arziki ta 2008 mutane suka ce ai wannan rainin hankali ne, har alƙali Jed Rakoff ya ƙi sa hannu a sulhun dala miliyan 285 da SEC ta yi da bankin Citigroup a 2011, koda yake kotun ɗaukaka ƙara ta soke matakinsa daga baya.

Ana cikin haka Obama ya ɗauko ta a 2013 ya ba ta shugabancin SEC ɗin. Wasu suka ce an ba kura ajiyar nama. Ni dai a ganina ba a yi mata adalci gaba ɗaya ba, don ita ce ta kawo tsarin tilasta wa kamfani amsa laifi a wasu manyan shari'o'i. Amma fa masu suka ma suna da hujja, sau da yawa dole ta janye daga bincike saboda ya shafi waɗanda ta taɓa karewa ko kamfanin lauyoyin da mijinta ke aiki. Sanata Elizabeth Warren ta yi ta caccakarta, a 2016 ma ta nemi Obama ya cire ta.

Bai cire ta ba. Ta sauka a Janairun 2017, ba a jima ba ta koma Debevoise.