Gwajin Daidaiton Harsashin Ɗurin Hannu a Bindigar Farauta

Gwajin daidaito hanya ce da maharba ke bi don su gane ko harsashin da aka ɗura da hannu yana sauka wuri ɗaya duk lokacin da aka harba shi daga bindiga ɗaya. Abin da ake dubawa shi ne yadda ramukan harbi suka taru a jikin takardar bara. Idan sun taru, ko da a gefe ne, ɗurin ya yi kyau, sauran aiki gyaran saiti ne kawai. Idan kuwa sun warwatse, babu gyaran saitin da zai tara su. Ga mafarauci wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin harbin da ya kauce da faɗin tafin hannu shi ke barin dabba ta tsere da rauni ta je ta mutu a inda ba za a same ta ba.

Harsashin zamani sassa huɗu ne: kwanson tagulla, makunni da ke gindinsa mai tayar da wuta idan an buge shi, albarushi, da ƙwayar dalma wadda galibi ake yi wa rigar jan ƙarfe. Mai ɗurin hannu yakan tara kwanson da aka riga aka harba, ya maido da shi girmansa, ya sake haɗa sauran sassa uku. A Najeriya doka ba ta bar wa kowa wannan aiki ba, kamar yadda zai zo a gaba.

Tarihi

Muddin bututun bindiga sumul yake daga ciki, ƙwaya na fita ne tana kaɗawa yadda ta ga dama. Ana jin cewa a ƙarshen ƙarni na 15 ko farkon na 16 ne maƙeran ƙasashen da ke magana da Jamusanci suka fara yanka murɗaɗɗun tsage a cikin bututu don ƙwaya ta fita tana juyawa, sai dai ba a haɗu a kan wanda ya fara ba. Auna gudun harsashi ya zo daga baya. A 1742 Benjamin Robins na Ingila ya bayyana wani lilo mai nauyi da ake harbi a jikinsa, a lissafa gudun ƙwayar daga nisan da ya yi baya. Daga nan ne harbi ya zama abin da ake iya sa wa lamba.

Ƙarni na 19 ya kawo sauran. Alexander Forsyth ya yi rajistar hanyar tayar da wuta da bugu a 1807, wadda ta maye gurbin ƙyastu. Claude-Étienne Minié na Faransa ya fito da doguwar ƙwaya mai rami a gindi wajen 1849, wadda ke buɗewa ta kama tsagen bututu idan wuta ta tashi. A 1866 Edward Boxer na Ingila da Hiram Berdan na Amurka kowanne ya yi rajistar nasa makunnin. Na Boxer rami ɗaya gare shi a tsakiyar gindin kwanso, don haka ana ture tsohon makunni da tsinken ƙarfe cikin sauƙi, kuma shi ya sa masu ɗurin hannu suka fi son sa har yau. A 1884 Paul Vieille na Faransa ya samar da albarushi marar hayaƙi, mai ƙarfi ninkin baƙin albarushi, har ɗan kuskuren awo a wannan sabon albarushi na iya fasa bindiga. Hukumar C.I.P. ta Turai, wadda aka kafa a 1914, da SAAMI ta Amurka, wadda aka kafa a 1926, su ke tsayar da iyakar matsin da kowane nau'in harsashi zai haifar a cikin bindiga. Tsarin gwajin da ake bi yanzu ya fi samun gyara a hannun masu gasar harbi daga kan teburi a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

A ƙasar Hausa

Bindiga ta daɗe a wannan yanki. Mai Idris Alooma na Borno yana da mayaƙa masu bindiga tun ƙarni na 16. Amma a jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, tun daga Tabkin Kwatto a 1804, kwari da baka da takobi da mashi ne suka fi aiki, kuma Hugh Clapperton, Baturen Birtaniya mai yawon bincike, wanda ya zo Sakkwato a 1824 ya kuma dawo a 1826, bindigogi ƙalilan ya gani a rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita shigo da bindigogi masu tsage da harsashin kwanso a yankin Afirka da ke tsakanin layin digiri na 20 a arewa da tsakiyar duniya da na 22 a kudu da ita, ta bar ƙofa ga bindigogin ƙyastu masu sumul ɗin ciki da baƙin albarushi. Sakkwato, da ke wajen layi na 13 a arewa, tana cikin wannan yanki. Lokacin da aka gwabza da rundunar Turawan Ingila a Giginya ranar 15 ga Maris 1903, dawakin Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya sun fuskanci bindigogi masu tsage da masu aman wuta irin na Maxim. Wannan tarihi na daga cikin dalilan da suka sa bindigar toka ta zama makamin mafaraucin karkara, maƙeran gida suka ƙware a kanta, ita kuwa bindigar farauta mai tsage ta zama ta tsiraru masu lasisi.

Abin da ke warwatsa harbi

Idan wuta ta tashi, bututu yakan yi kaɗawa kamar tsumagiya, ƙwaya kuma ta fita a wani lokaci cikin wannan kaɗawa. Duk abin da ya sa harbi biyu suka bambanta a gudu ko a yadda ƙwaya ta shiga tsage zai raba raminsu. Manyan dalilai su ne bambancin nauyin albarushi, bambancin zurfin da aka zaunar da ƙwaya a wuyan kwanso, ƙwayar da ta zauna a karkace, kwansuna na kamfanoni dabam-dabam masu bambancin faɗin ciki, da ƙwayar da tsawonta ya fi ƙarfin murɗin bututu. Wannan na ƙarshe yana da sauƙin ganewa: ramin yakan fito dogo maimakon zagayayye, alamar ƙwaya ta isa takarda a kwance. Bindigar .270 Winchester, wadda ta fito a 1925, yawanci tsagenta na kammala zagaye ɗaya a inci 10, kuma ƙwaya mai nauyin giren 130 (kusan giram 8.4) na barin bakinta da gudun kusan mita 930 a daƙiƙa.

Sau da yawa laifin ba na harsashi ba ne. Notin madubin saiti da ya kwance, katakon da ke taɓa bututu, da maharbin da ke fizgar kunama don tsoron dukan gindin bindiga, kowannensu ya fi ɓata harbi fiye da ɗan bambancin albarushi. Shi ya sa ake fara harba harsashin kamfani da aka san halinsa kafin a zargi ɗurin hannu.

Yadda ake gwaji

Ana auna albarushi da giren, kuma giren ɗaya giram 0.0648 ne. Adadin da za a zuba daga littafin ɗuri na kamfanin albarushi ko na ƙwaya ake ɗaukarsa, na wannan albarushi da wannan ƙwaya daidai. Ana farawa daga mafi ƙarancin adadin da littafin ya bayar, a riƙa ƙarawa da giren 0.2 zuwa 0.5, ba a wuce iyakar sama ko da sakamako na ƙara kyau. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Wanda ya canza albarushi da zurfin ƙwaya tare ba zai san wanne ya gyara ko ya ɓata ba.

Ana kafa takarda a mita 100, ko yadi 100, a gaban tudun ƙasa mai kauri da ba dutse a cikinsa, a tabbata babu gona ko burtali ko hanya a bayansa, domin irin wannan ƙwaya na iya tafiya fiye da kilomita 3. Bindiga na zama a kan buhunan yashi biyu, ɗaya ƙarƙashin katakon gaba, ɗaya ƙarƙashin gindi, bututu bai taɓa komai ba. Bututun da aka wanke yakan kai harbin farko wani wuri dabam, don haka ake fara ɓata shi da harbi biyu ko uku da ba a lissafawa. Tsakanin harbi ana jira minti ɗaya ko biyu, tsakanin rukuni da rukuni, wato jerin harbin ɗuri iri ɗaya, kuma sai bututu ya huce har hannu ya iya riƙe shi. Masu taka tsantsan ba sa gama rukuni ɗaya kafin na gaba, sukan harba ɗaya daga kowane rukuni a kan takardarsa, su zagayo, don zafi da iska da gajiya su rabu a kan duka daidai. Na'urar auna gudu mai aiki da haske ana ajiye ta mita 3 zuwa 4.5 daga bakin bindiga.

Awo da lissafi

Ana neman ramuka biyu da suka fi nisa da juna, a auna daga gefen waje zuwa gefen waje, a cire kaurin ƙwaya. Idan an samu milimita 36, ƙwaya kuma ta .270 ce mai kaurin kusan milimita 7, faɗin taron ramukan milimita 29 ke nan. A mita 100 wannan ya yi daidai da mintin kusurwa ɗaya, wato kashi ɗaya cikin 60 na digiri, wanda a yadi 100 inci 1.047 ne. Bindigar farauta da ke riƙe minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta wadatar ga nisan da yawancin mafarauta ke harbi.

Babban tarkon wannan gwaji shi ne ƙarancin harbi. Ramuka uku na iya haɗuwa da sa'a kawai. A lissafi, matsakaicin faɗin harbi biyar ya fi na harbi uku da kusan kashi 27 cikin ɗari, na harbi goma kuma ya fi na biyar da kusan kashi 24, alhali bindiga da harsashi ba su canza ba. Saboda haka ɗurin da ya ba da milimita 20 sau ɗaya bai tabbata ya fi wanda ya ba da 28 ba. Ma'aunin da ya fi karɓuwa shi ne rukuni biyar a jere, kowanne harbi biyar, a ɗauki matsakaici. Ramin da ya kauce ba a jefar da shi sai idan maharbi ya san ya fizga kafin ya duba takarda.

Akwai gwajin tsani, wanda ake dangantawa da Creighton Audette, inda ake harba ɗaya daga kowane matakin ƙarin albarushi a nesa a nemi inda ramuka suka tsaya da hawa. Wasu na ganin amfaninsa, wasu na cewa harbi ɗaya bai isa hujja ba.

Yanayin Sakkwato

Alkaluman littattafan ɗuri an samo su ne a yanayi mai matsakaicin zafi. A Sakkwato zafin Afrilu na wuce digiri 40, kuma harsashin da aka bari a rana ko a cikin mota ya fi haka zafi nesa ba kusa ba. Albarushi mai zafi na ci da sauri, matsi ya hau. Ɗurin da ya yi lafiya da safiyar hunturu kusa da iyakar sama yana iya wuce iyaka a bazara, don haka wajibi ne a sake gwada shi a lokacin zafi, a ajiye harsashi a inuwa, kada kuma a bar shi ya daɗe a cikin bindiga mai zafi kafin a harba. Da hantsi ya yi, kawalwalniya kan sa bara ta yi rawa a madubi. Iskar hunturu mai gudun kilomita 16 a awa, idan ta bugo daga gefe, tana ture ƙwayar .270 kusan santimita 2 a mita 100, fiye da 15 a mita 300. Ƙura kuma na liƙe wa kwanso mai maiƙo ta karce mazauninsa. Sassafe, bayan gari ya waye sosai, shi ne lokacin da ya fi dacewa.

Alamun haɗari

Bayan kowane harbi ana ɗaukar kwanso a juya gindinsa a duba. Makunni mai lafiya gefensa zagaye yake. Idan ya baje har ya cika raminsa, ko ya huje, ko sakatar bindiga ta yi tauri wajen buɗewa, ko wani tabo mai ƙyalli ya fito a kan rubutun gindi, matsi ya yi yawa, a tsaya nan take. Zobe mai haske sama kaɗan da gindi alama ce kwanson na shirin rabewa. Harbin da ƙararsa ta yi rauni na iya barin ƙwaya a cikin bututu, harbi na biyu a kanta kuwa fashewa ne. Idan an ja kunama ba ta tashi ba, ana barin bakin bindiga yana kallon tudu aƙalla daƙiƙa 30 kafin a buɗe. Rashin ganin waɗannan alamu bai nuna matsi na ƙasa da iyaka ba.

Bindigar toka

Mai bindigar toka kowane harbi shi ke ɗura shi, don haka ka'idar ta shafe shi kai tsaye. Wanda ke zuba albarushi a tafin hannu ya kimanta da ido, ya cusa tsumma yau mai kauri gobe sirara, ya haɗa gutsattsarin ƙarfe masu girma dabam-dabam, ba zai samu harbi biyu iri ɗaya ba. Ma'auni guda da ba ya canzawa, tsumma iri ɗaya, da ƙwayoyin dalma masu girma ɗaya su ke gyara wannan. Gwajinta a kan babbar takarda ake yi a mita 20 zuwa 30, a ƙirga ƙwayoyin da suka shiga da'ira. Abubuwa uku ke fasa ta: zuba mata albarushi marar hayaƙi da aka kwance daga harsashin zamani, barin gurbi tsakanin albarushi da ƙwaya, da ɗuri biyu a kan juna. Zana alama a jikin sandar ɗuri na nuna ko akwai ɗuri a ciki.

Doka

Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta raba bindigogi kashi uku. Bindigogin soja masu faɗin baki milimita 7.62, milimita 9, inci .300 da inci .303 suna cikin haramtattu, sai da izinin Shugaban Ƙasa. Bindigar farauta mai tsage da ba ta cikin waɗannan tana buƙatar lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Masu ɗuri ta baki, irin su bindigar toka, suna ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Dokar ta hana ƙera ko haɗa harsashi a wajen ma'aikatun da gwamnati ta amince da su, saboda haka mai lasisi a Sakkwato harsashin kamfani yake gwadawa, ya kwatanta nau'i da nau'i da wannan tsari na takarda da awo.