Ɗaukar hoto a sanyin Harbin: me za ka sa, yaya za ka kula da kyamara?

Daga ƙarshen Disamba zuwa Fabrairu, birnin Harbin da ke arewa maso gabashin China kan cika da masu zuwa kallon bikin ƙanƙara. Daga kogin Songhua da ya daskare ake yanko tubalan ƙanƙara, a gina fadoji da hasumiyoyi, a cusa musu fitilu masu launi. Hoto mafi kyau da dare ake samunsa, lokacin da sanyi ya fi tsanani.

Ai mun saba da muku-mukun hunturu, me zai gagare mu?

Ko a Jos, ruwan randa ba ya daskarewa. A Harbin kuwa, daren Janairu kan wuce digiri 20 ƙasa da sifili. Kuma mai yawo jikinsa na ɗumama, shi ko mai hoto tsayawa yake wuri guda yana jiran haske, sanyi na hawowa ta tafin ƙafa.

To, in sayi jibgegiyar riga ɗaya ke nan?

A'a, hawa uku ake yi. Ta jikin fata ta zama ta ulu ko yadin roba irin na 'yan ƙwallo, wanda ba ya riƙe gumi. Ta tsakiya suwaita mai kauri ko riga mai gashin agwagwa a ciki. Ta waje kuma mai tare iska.

Abin da ya fi kayar da mutanenmu shi ne singiletin auduga. Ka ɗauko jaka ka yi tafiyar minti ashirin, ka yi gumi kaɗan, auduga ta shanye ta riƙe. Da ka tsaya kafa kyamara, sai jiƙaƙƙen yadin nan ya koma kamar an shafa maka ƙanƙara a gadon baya. Shi ya sa in za ka yi tafiya, buɗe zif ɗin rigar waje tun kafin gumi ya tsatso. Ƙafa ma haka ne: safar ulu, da takalmi mai kaurin ƙasa wanda yatsu ke motsi a cikinsa. Takalmin da ya matse yana hana jini gudu, ko da safa uku ka sa.

Da safar hannu mai kauri yaya zan danna maɓalli?

Biyu za ka sa: siririya a ciki da ba a cirewa, da mai kauri a kai da za ka zare na ɗan lokaci. Kada ka kama ƙafafun ƙarfen da ake ɗora kyamara da hannu tsirara, fata mai damshi na iya mannewa. Mutane kan naɗe su da soso. In yatsa ko hanci ya yi fari ya daina jin taɓi, shiga ɗaki, ɗumama shi da ruwa mai ɗumi kawai. Ban da murzawa, ban da kanga shi a wuta.

Me ya sa batir ke mutuwa da wuri?

Sanyi yana rage saurin aikin sinadaran da ke cikinsa, sai kyamara ta nuna ya ƙare alhali da sauran caji. Riƙe biyu ko uku a aljihun ciki, kusa da ƙirji, kana musanyawa. Wanda ya "mutu" ɗazu in ya ji ɗumin jiki sai ka ga ya farfaɗo. Yawancin kyamarori daga sifili zuwa digiri 40 kamfanoninsu suka ƙayyade musu, amma suna aiki ƙasa da haka, sai dai allon ya yi nauyi. A jirgi kuma, batiran ajiya a jakar hannu ake saka su.

Na gama, sai in ruga ɗaki da kyamarata?

Nan ne ake asara. Ka san yadda kwalbar lemo mai sanyi ke zufa in an fito da ita daga firji? Haka kyamarar da ta sha sanyi za ta yi a ɗaki mai ɗumi, kuma raɓar ba a waje kaɗai take tsayawa ba, har cikin gilasai da wayoyin ciki. Tun kana waje, zare memori ka sa a aljihu, ka saka kyamarar cikin leda ka ƙulle bakinta sosai. Raɓar sai ta taru a bayan ledar. Bar ta awa ɗaya ko biyu kafin ka buɗe. Kuma kada ka ɓoye ta cikin rigarka kusa da jiki, tururin guminka ma raɓa ne. Hura wa gilashi iska da baki, yadda muke kore ƙurar hunturu, a can ƙanƙara yake zama nan take.

Hotunan rana sun fito, dusar ƙanƙara ta yi toka-toka. Kyamarar ce ta lalace?

Lafiyarta ƙalau. Na'urar auna haske ce ta ga fari ya yi yawa ta rage. Ƙara hasken da mataki ɗaya zuwa biyu, wato +1 ko +2, ka duba allo, ka tsaya daidai inda farin bai shafe zanen saman dusar ba.