Aikin Sikanin a Asibitin 'Yan Mazan Jiya na Amurka: Wa Doka Ta Yarda a Ɗauka, Me Kuma Ta Hana Shi

A wajenmu da an ambaci sikanin, mace mai juna biyu ce ke faɗo wa mutum a rai. A asibitocin tsofaffin sojoji na Amurka kuwa, wanda za ka tarar kwance a gadon galibi dattijo ne mai furfura, wanda ya yi yaƙin Biyetnam ko na Iraƙi, an ɗage masa riga, an shafa masa man nan mai sanyi a ciki, ana duba hanta ko jijiya. Asibitocin ba su ma saba karɓar haihuwa ba. Tsohuwar soja in ta sami ciki, akan tura ta wani asibiti a gari, hukuma ta biya kuɗin.

Hukumar ita ce Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji, wadda kowa a can ke kira VA. Tana da manyan asibitoci wajen 170 da ƙananan cibiyoyi sama da 1,000, mutum fiye da miliyan 9 ne suka yi rajista da ita. Tallar gurabenta na fitowa a USAJOBS, shafin neman aikin gwamnatin Amurka, daga nan ta yi ta yawo a WhatsApp har ta iso wayar matashin da ya karanta aikin hoto a Kano ko Maiduguri. Kafin ya fara lissafin dala a kai, ya kamata ya san cewa wannan aikin gwamnatin tarayya ne, kuma ƙwarewa ba ita ce tambayar farko da doka ke yi ba.

Ma'aikatan tarayya a Amurka galibinsu suna ƙarƙashin Kundi na 5 na dokokin ƙasar. Amma a 1946, lokacin da sojojin Yaƙin Duniya na Biyu suka cika asibitoci, Janar Omar Bradley yana shugabantar hukumar, majalisa ta ware wa likitoci da ma'aikatan jinya tsari nasu daban, domin a ɗauke su da sauri ba tare da dogon layin ɗaukar ma'aikata ba. Wannan tsari yana cikin Kundi na 38. Mai sikanin yana tsakani: ana ɗaukarsa ana kuma yi masa ƙarin girma bisa Kundi na 38, amma albashinsa da hutunsa da ladabtar da shi duk na Kundi na 5 ne. Wata doka ta 2003 ce ta shigar da ire-irensa wannan rukuni. A takardun hukuma za ka gan shi da lamba 0649, wato masu sarrafa na'urorin asibiti, wani lokaci kuma da 0647, ta masu ɗaukar hoto.

Ƙofar farko ita ce zama ɗan ƙasa. Sashe na 7402 na Kundi na 38 bai yi kwana-kwana ba: sai ɗan ƙasar Amurka. Katin zama na dindindin, wanda mutane ke ta fafutukar samu, bai wadatar ba. Akwai togaciya a Sashe na 7407, wadda ta ba da damar ɗaukar baƙo idan an nemi ɗan ƙasa mai cancanta an rasa. A aikace likitoci aka fi yi wa amfani da ita, a garuruwan da ba wanda ke son zuwa. Don haka duk wanda ya ce maka zai samo maka aikin sikanin a VA haɗe da biza kana zaune a gida, in dai ka tura kaza, ka riƙe kuɗinka. Hanyar da aka sani doguwa ce: mutum ya sami katin zama, ya yi shekara 5 da shi, ko 3 in yana auren ɗan ƙasa, sannan ya nemi zama ɗan ƙasa. Wanda ya shiga aikin sojan Amurka doka ta gajarta masa wannan jira. Asibitoci masu zaman kansu ba su da wannan sharaɗi, shi ya sa baƙi da yawa can suke farawa.

Sashen na 7402 ya kuma ce duk mai hulɗa da majiyyaci kai tsaye sai ya iya Turanci, faɗa da rubutawa. Wannan ba zai ba ɗan Najeriya ko Gana wuya ba. Ɗan Nijar ko Chadi da ya yi karatu da Faransanci shi ne zai yi shiri.

Akwai wani sharaɗi da ke kayar da mutane ba su ankara ba. Duk namijin da ke zaune a Amurka tsakanin shekara 18 da 25, har da baƙon da ya zo zama, wajibi ne ya sa sunansa a rajistar waɗanda za a iya kira aikin soja in yaƙi ya taso. Tun 1973 ba a tilasta wa kowa shiga soja ba, don haka matasa kan ɗauki abin wasa. To amma namijin da aka haifa bayan 1959, wanda rajistar ta hau kansa ya ƙi yi da gangan, doka ta haramta masa aikin tarayya. Bayan ya cika 26 kuma an rufe, ba gyara sai dogon bayani da hujjoji. Wanda ya shigo ƙasar bayan ya wuce shekarun, babu komai a kansa.

Sai maganar takardu. A Najeriya akwai hukumar tarayya da aka kafa a 1987 mai yi wa masu aikin hoto rajista. Amurka ba ta da irinta ga masu sikanin. Jihohi huɗu ne kawai aka sani da ba su lasisi: Oregon, New Mexico, North Dakota da New Hampshire. Abin da ke aiki a ko'ina shi ne shaidar ƙungiyoyi masu zaman kansu, babbarsu ARDMS, wadda aka kafa a 1975. Mutum zai ci jarrabawar ilimin sauti da yadda na'ura ke aiki, sannan ya ci ta fannin da ya zaɓa, ko ciki, ko jijiyoyin jini, ko zuciya. Akwai kuma wasu ƙungiyoyin masu ba da irin wannan shaida, CCI da ARRT. Kowace talla tana faɗin wadda take so, kuma ko inda aka rubuta cewa an fi so ne kawai ba dole ba, wanda ba shi da ita yana bayan layi. Digirin da aka yi a waje sai an kai wa masu tantance takardun karatu sun tabbatar ya yi daidai da na Amurka.

Ko ka cika duk wannan, akwai wanda doka ta sa gabanka. Wata doka ta 1944 ta ce a fifita tsohon soja wajen ɗaukar aikin tarayya, wanda ya sami nakasa a bakin aiki kuma fifikonsa ya fi ƙarfi. Ban ga laifin haka ba, asibitinsu ne. Bayan nan sai binciken tarihin mutum, hoton yatsu, gwajin lafiya, rigakafin mura, da shekara ɗaya ta gwaji.

Albashi yana bin tsarin ma'aikatan tarayya da ake kira GS, mai matakai 15, kowane mataki da rassa 10. Guraben sikanin sun fi faɗawa daga mataki na 8 zuwa na 10, ana kuma ƙara wani kaso bisa tsadar gari, don haka na San Francisco ya fi na ƙauyen Kansas. Hutun shekara kwana 13 ne da farko, ya koma 20 bayan shekara 3, ya kai 26 bayan shekara 15, ga fansho.

To an shiga. A nan ne dokar ta fi daɗin bayani, domin tana kare ma'aikaci ta wani gefe, tana ɗaure shi ta wani.

Ɗauki wani aikin da ake yawan yi a irin wannan asibiti. Shawarar masana lafiya a Amurka ita ce duk namiji mai shekara 65 zuwa 75 da ya taɓa shan taba a yi masa sikanin sau ɗaya, a duba babbar jijiyar jini da ta ratsa ciki, domin takan kumbura shiru ba ciwo, ranar da ta fashe kuwa da wuya a kai labari. Dattijo zai zo da safe bai karya ba, saboda iskar hanji na tare hoto. Mai sikanin zai danna kan na'urar daga ƙasan ƙirji ya gangaro zuwa cibiya, ya tsayar da hoton, ya sa alama a bangon jijiyar nan da can. Faɗin santimita 3 ya zama kumburi. In ya kai 5.5 an fara maganar tiyata, kuma wani babban bincike da aka yi a asibitocin VA ɗin kansu, aka wallafa a 2002, yana cikin abin da ya tsayar da wannan ma'auni, domin ya nuna gaggawar yanka ƙananan kumburi ba ta ƙara tsawon rai. Mai sikanin yana kallon lambar a allo, dattijon kuma yana kallon fuskarsa, yana tambaya ko an ga wani abu. Ƙa'idar aiki ta ce ba shi zai faɗa ba. Nasa shi ne ɗauka da aunawa da rubuta abin da ya lura. Likitan hoto ne ke karantawa ya sa hannu. In abin na gaggawa ne, kamar gudan jini a jijiyar ƙafa, ba zai sallami mutumin ba, zai kira likita nan take.

A ce ya yi kuskure, ya auna ba daidai ba, aka sallami dattijo, jijiya ta fashe. Wa iyali za su kai ƙara? Ba shi ba. Sashe na 7316 ya ce duk ƙarar sakaci a kan ma'aikacin lafiya na VA, muddin a bakin aikinsa abin ya faru, gwamnatin Amurka ce ake ƙara, bisa wata doka ta 1946 da ta ba talaka damar neman diyya daga gwamnati. Ko da lauya ya rubuta sunan ma'aikacin, za a cire a sa na gwamnati. Kuma ba kotu ake fara zuwa ba: sai an shigar da koke a rubuce ga hukumar cikin shekara 2, an faɗi adadin kuɗin da ake nema, a ba ta wata 6. In ta ƙi ko ta yi shiru, sannan a tafi kotun tarayya, inda alƙali shi kaɗai zai yanke, babu taron masu taya shi hukunci, babu kuma diyyar horo. A ƙasar da ƙara ke iya raba mutum da gidansa, wannan kariya ba ƙarama ba ce. Sai dai ba ta hana a kore shi ko a karɓe masa shaidar aiki, kuma ba ta rufe wanda kamfani ya kawo aikin kwangila, ko da ɗaki ɗaya suke aiki da na'ura ɗaya.

Sirrin majiyyaci ma doka ce, ba ladabi kawai ba. Bayan dokar HIPAA ta 1996 da ta hau kan kowane asibiti, VA tana da tata a Sashe na 7332, wadda ta ƙara tsanantawa a kan abubuwa huɗu: shan ƙwaya, shan giya, cutar ƙanjamau, da sikila. Sikila ta shiga jerin ne saboda a shekarun 1970 an yi amfani da sakamakon gwajinta wajen nuna wa baƙar fata wariya a aiki da inshora. Mu da cutar ta yi wa katutu, muke kuma hirar jinin mutum a bakin layin asibiti kamar labarin kasuwa, akwai abin dubawa a nan. Buɗe fayil ɗin wanda ba kai ke duba shi ba, ko da maƙwabcinka ne, laifi ne, kuma kwamfuta na rubuta sunan duk wanda ya leƙa.

Wanda ya tashi a al'adar goro da tukuici zai sha mamakin ƙa'idar kyauta. Dattijon da aka gano masa ciwo da wuri ya dawo da ambulan cikin farin ciki, dole a mayar masa, domin tsabar kuɗi ko dala ɗaya ba ta halatta ba. Kyautar kaya ana iya karɓa in ba ta wuce dala 20 a lokaci ɗaya ba, kuma kada ta haura dala 50 a shekara daga mutum ɗaya. Katin godiya ko kofin shayi ba a lissafa su.

Siyasa ma an yi mata iyaka tun dokar Hatch ta 1939. Ma'aikaci zai yi zaɓe, zai faɗi ra'ayinsa a gida, amma ba zai yi wa jam'iyya talla a lokacin aiki ko cikin ginin gwamnati ba, ba zai tara mata kuɗi ba, ba zai tsaya takara da tutarta ba. Yajin aiki kuwa haramun ne ga ma'aikacin tarayya, kuma ranar da ya kama aiki yake sa hannu a takardar rantsuwa cewa ba zai shiga ba. A 1981 masu kula da zirga-zirgar jiragen sama sun gwada. Shugaba Ronald Reagan ya ba su awa 48 su koma, sannan ya sallami sama da 11,000 da suka ƙi.