Ka ƙara wa mota ƙarfi, wane kulochi za ka ɗaura mata?

Tun da aka shiga yayin ɗaura wa Land Cruiser tarbo, a murɗa famfon mai, a saka mata manyan tayoyi, maganar kulochi ba ta yankewa a garejinmu na Garwa. Wasu su ce kulochi irin na mutanen Najeriya, wasu su ce ambiriyaj da bakin Faransanci, duk abu ɗaya ne. Ga tambayoyin da masu motoci suka fi yi mini.

Na ƙara wa injina ƙarfi. Dole ne in canza kulochi?

Ba dole ba ne, sai in ya fara zamewa. Faifan kulochi yana zaune ne a matse tsakanin bolan (ƙaton ƙarfen nan mai da'ira da ke juyawa a bayan inji) da farantin da ke danne shi, wanda makanikai ke kira filato. Idan ƙarfin inji ya fi ƙarfin matsin nan, sai faifan ya riƙa sulɓewa yana ƙonewa.

Gwajin ba wuya. Hau titi miƙaƙƙe, saka giya ta huɗu ko ta biyar alhali motar na tafiya a hankali, ka take totur har ƙasa. Idan kukan inji ya tashi amma gudun mota bai ƙaru ba, yana zamewa. Mai hawa falez ɗin Mbe, wato dogon hawan dutsen nan, da kaya zuwa Ngaundare ma ba ya bukatar gwaji, ƙaurin zai sanar da shi.

Sai dai ba kowane zamewa ne laifin tarbo ba. Wani Alhaji ya taɓa kawo mana Hilux yana cewa a nemo masa na tsere ko nawa ne. Da muka sauke giyabos, faifan sharkaf da baƙin mai, sil ɗin bayan inji, robar da ke tare mai, shi ne ya mutu. Na ce masa, "Alhaji, ko na zinariya ka saka, wata biyu ba zai yi ba in ba a tare man nan ba." Akwai kuma direban da ke jingina ƙafa kan feda tun daga Garwa har Marwa. Wannan ƙafar tasa ce ke bukatar gyara.

Da wane lissafi ake zaɓa? Dawakin inji?

A'a. Abin da kulochi ke riƙewa shi ne ƙarfin murɗi, wanda ake ce wa kupul, ana rubuta ma'auninsa Nm a jikin kwali. Injin 1HZ na Land Cruiser, mai silinda 6 da lita 4.2, yana ba da kusan Nm 285 yadda ya fito daga kamfani. Ɗan'uwansa 1HD-FTE, wanda aka ƙera da tarbo tun asali, yana kaiwa Nm 430. To, duk wanda ya ɗaura wa 1HZ tarbo ya tura shi ne wani wuri tsakanin waɗannan biyun, faifan da aka auna don na farkon kuwa ba lallai ya jure ba.

Ƙiyasta inda injinka ya kai, ka nemi kulochin da ya ɗara shi da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Ninka shi biyu ɓarnar kuɗi ce, kuma tuƙin zai yi maka ɗaci. Ka sa nauyin kaya da girman taya cikin lissafi, domin babbar taya tana wahalar da kulochi a duk tashi ko da ba a taɓa injin ba.

Mene ne Stage 1, Stage 2 da Stage 3 da ake rubutawa a kwali?

Sunan kasuwa ne. Babu wata hukuma da ta tsayar da ma'anarsa, na biyun wannan kamfani zai iya zama na ukun wancan. Nemi adadin Nm, ka duba da me aka yi fuskar faifan.

To da me ya kamata a yi fuskar?

Nan ne ake yawan yin asara. Iri uku ne suka fi shigowa hannunmu.

Na farko shi ne na gargajiya, wanda ake kira oganik, zare da ƙaro ne aka gasa, mai ƙarfinsa kuma har da wayar tagulla a ciki. Fuskarsa cikakkiyar da'ira ce, yana kamawa sannu a hankali, yana barin direba ya yi rabin kulochi. Idan aka haɗa shi da filato mai matsi fiye da na kamfani, ya ishi yawancin motocin da ke yawo tsakanin Ngaundare da Kusuri. Shi nake ba mutum shawara in dai motar aiki ce.

Na biyu Kevlar, wani irin zare mai ƙarfin gaske. Yana daɗewa, ba ya cin bolan, amma yana son a lallaɓa shi tsawon lokaci kafin ya zauna, kuma in ya ƙone sau ɗaya fuskarsa takan yi santsi kamar tangaran, da wuya ta dawo. Ka tuna da wannan kafin ka shiga yashin kogin Mayo Kaliyo na Marwa da shi a zafin watan Afrilu.

Na uku shi ne wanda samari ke mutuwar so, mai siramik, wanda maimakon da'ira yake da fikafikai huɗu ko shida. Zafi ba ya damunsa, riƙonsa kuma ba wasa. Amma ba shi da tsakiya: ko ya saki ko ya cafke. A filin tsere hakan ake so. A cunkoson babbar kasuwa kuwa, ko a gadar Ngeli kana bin layin shiga Njamena, motar za ta yi ta zabura tana karkarwa kamar mai masassara. A yashi da taɓon damina abin ya fi muni, domin cafkar da yake yi farat ɗaya ita ke sa taya ta haƙa rami ta zauna. Ga shi yana cin bolan da filato kamar fayil. Sai injin da ya kai inda oganik ya kasa riƙewa ne ya cancanci wannan wahala, shi ma a ɗauki mai fikafikai shida.

Maganar yashi kuma, motar da ke da ƙaramar giya ta 4L a saka ta tun kafin a nutse. Kulochi da yawa sun mutu ne don direba ya yi ƙyuyar jan wannan sanda.

Sifirin ɗin da ke tsakiyar faifai fa?

Kada ka sayi marar su don motar hanya. Su ke shanye girgizar inji kafin ta isa giyabos, injin gazuwal kuwa girgizarsa ta fi ta fetur. Wasu sababbin motoci suna zuwa da bolan mai hawa biyu, sifirin ɗin na cikinsa. Mai son mayar da shi bolan guda dole ya sayi saitin da aka yi don haka, faifansa da sifirin, kuma ya shirya jin ɗan ƙara daga giyabos in mota na tsaye.

Kulochi mai ƙarfi yana ɓata wani abu?

Yana iya ɓatawa. Na kamfani shi ne mai sauƙin kuɗi a duk layin, idan abu ya yi yawa shi ke fara zamewa ya ceci sauran. Da ka ƙarfafa shi, bugun sai ya wuce kan giyabos da aksul. Feda ma za ta yi nauyi, robobin famfon kulochi na sama da na ƙasa su gaji da wuri, har ƙarfen da ke tura boris yakan tsage a tsohuwar mota.

Yaya zan kauce wa jabu?

Sunayen da aka sani su ne Aisin da Exedy na Japan, Valeo na Faransa, LuK da Sachs na Jamus. Exedy yana da samfurin Safari Tuff da aka yi musamman don motocin daji. Sai dai kwali ba shaida ba ne, masu jabu sun iya buga kwali. Tafi da tsohon faifanka, ku ɗora su ɗaya kan ɗaya, ku auna faɗi, ku ƙirga haƙoran tsakiya. Girgiza sabon kusa da kunne, sifirin mai kyau ba ya kacau-kacau. Faifan da aka sake liƙa wa fuska a bakin kasuwa yana iya fitar da talaka kunya, amma ba a ƙarƙashin tarbo ba.

Ranar ɗaurawa me zan tsaya a kai?

Saiti ake canzawa gaba ɗaya, faifai da filato da boris. Tunda an riga an sauke giyabos, a canza ƙaramin boris na cikin bolan da sil ɗin bayan inji. Idan fuskar bolan ta yi shuɗi ko zane, a kai wa mai injin gyaran ƙarfe ya share ta, in ta tsage a nemo wani. Yara kada su hura ƙurar tsohon faifai da iska, wasu tsofaffin na ɗauke da asbestos mai cutar da huhu, a goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Bayan an ɗaura, kusan kilomita 800 na farko a yi su a hankali, ba jan wata mota, ba lodin buhuna, ba tashi da ƙarfi. Tuƙin cikin gari ake so, inda ake yawan takawa ana saki. Tafiyar Garwa zuwa Marwa a giya ta biyar ba ta shiga wannan lissafi, don ba a takawa ana saki.