Mene ne WHOIS, kuma ɓoye sunan mai shafi yana rage masa daraja a Google?

WHOIS asalinsa tambaya ce da Turanci, ma'anarta "wane ne?" A harkar intanet, sunan rajistar da ke nuna wanda ya mallaki domen ne, wato sunan da ake rubutawa a shiga shafi. Tsarin ya tsufa, tun 1982 yake, lokacin da masu amfani da intanet ba su da yawa, kusan kowa ya san kowa.

Duk wanda ya sayi domen mai ƙarewa da .com ko .org, ƙa'idar ICANN, hukumar da aka kafa a Amurka a 1998 don kula da sunayen, ta wajabta masa ba da suna, adireshi, lambar waya da imel. A da duk wannan a fili yake. Mutum ya yi rajista yau, gobe da safe wayarsa ta fara ƙara, baƙi suna tallar gina masa shafi, imel kuma ya cika da takardun bogi masu cewa domen ɗinsa ya kusa ƙarewa, ya biya yanzu. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne adireshin gida, musamman ga ɗan jarida ko mace mai rubutu ita kaɗai.

Daga nan aka samo sirrin WHOIS: kamfanin rajista, wato wanda ka sayi domen a wurinsa, ya sa bayanansa a madadin naka, saƙo ya biyo ta hannunsa ya iso gare ka. Da dokar GDPR ta Tarayyar Turai, mai kare bayanan mutane, ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018, yawancin bayanan ma sai aka rufe su. Yanzu kuma sabon tsari mai suna RDAP ne ke maye gurbin tsohon.

Da yawa suna tsoron cewa in sun ɓoye sunansu, Google zai ɗauke su 'yan damfara ya jefa shafinsu baya. Jami'an Google sun bayyana cewa ɓoyewar ba ta cikin abubuwan da suke auna shafi da su. Abin da ke ɗaga shafi shi ne ingancin rubutunsa, da shafukan kirki da ke nuni zuwa gare shi. Su ma masu tantance shafuka na Google, a cikin shafin suke duba wanda ke da alhakinsa da hanyar tuntuɓarsa, balle in ana maganar lafiya ko kuɗi. Don haka ni a ganina, ka rufe adireshin gidanka a rajista, amma ka faɗi ko kai wane ne a shafin.

Kuskuren da nake jiye wa mutane shi ne sa bayanan ƙarya a rajista don ɓoye kai, domin saƙo ba zai iso gare ka ba. Idan kamfanin rajista ya aiko saƙon tantancewa ba ka amsa cikin kwana 15 ba, yana iya dakatar da domen ɗin, shafin ya ɓace gaba ɗaya. Sannan ba kowane domen ne ke yarda da ɓoyewa ba, .us na Amurka ya hana, don haka a duba kafin a biya.