Busar da Ɗanyen Katako

Busar da katako shi ne rage ruwan da ke cikin itacen da aka yanka falankai ko sanduna, har ya sauko daidai da laimar wurin da za a yi aiki da shi. Ana yin haka ta hanyar shanya shi a iska, ko gasa shi a ɗakin da aka gina don wannan aiki, ko kuma a haɗa biyun. Katakon da ya bushe ya fi ɗanye ƙarfi da rashin nauyi, ya fi karɓar gam da fenti, kuma hunhuna da ruɓa ba sa kama shi muddin ruwansa bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Matsalar ita ce lokaci. Mai injin yanka yana son kuɗinsa su juya, kafinta yana da mai aiki a wuyansa, shi kuwa itace yana sakin ruwansa ne a hankali, in aka matsa masa ya tsage.

Ruwan da ke cikin itace

Ana auna ruwan katako ne da nauyi. A yanki ɗan guntu a ɗora shi kan sikeli, a sa shi a tanda mai zafin digiri 103 na ma'aunin Salsiyas har nauyinsa ya daina raguwa, sannan a sake aunawa. Guntun da ya shiga da giram 150 ya fito da giram 100, ruwansa kashi 50 ke nan, domin da busasshen nauyi ake kwatantawa. Wannan ne ya sa ake samun ɗanyen itacen da ruwansa ya haura kashi 100, wato ruwan ya fi itacen kansa nauyi. Katakon da ya cika mita ɗaya ta kowace fuska, mai busasshen nauyi kilo 500, idan ruwansa kashi 60 ne, yana ɗauke da kilo 300 na ruwa. Kafin ya sauko kashi 12 sai ya fitar da kilo 240, fiye da cikin duro guda.

Ruwan iri biyu ne. Akwai wanda ke kwance cikin 'yan ramukan itace kamar ruwa a soso, wannan shi ke fara fita, kuma fitarsa ba ta canza girman katako. Akwai kuma wanda ya ratsa jikin zaren itacen ya manne. Sai na farko ya ƙare, a wajen kashi 28 zuwa 30, sannan na biyu ya fara fita, daga nan ne katako ke fara tsukewa. Wani Ba'amurke mai suna Harry Tiemann ne ya bayyana wannan iyaka a 1906. Daga baya ya yi aiki a cibiyar binciken kayan daji ta gwamnatin Amurka da aka buɗe a Madison ta jihar Wisconsin a 1910, inda ya yi suna wajen tsara ɗakunan gashi masu daidaita laima.

Tsukewar ba daidai take ta kowane ɓangare ba. A tsawo kusan babu, ba ta wuce kashi 0.1 zuwa 0.2. A faɗi kuwa, idan an bi zagayen zoben itace, takan kai kashi 6 zuwa 10, ta ɓangaren da ya nufi tsakiyar gungume kuma kusan rabin haka. Wannan rashin daidaito shi ne tushen falankin da ke yin kwano, da wanda ke lanƙwashewa, da wanda ke murɗewa.

Abin da ke hana sauri

Fuskar katako ce ke fara bushewa, ciki na nan jiƙe. Fuskar tana son tsukewa, cikin ya hana ta, sai ta yi ta ja har ta tsattsage. Idan ba ta tsage ba, takan sandare a miƙe. Bayan kwanaki, cikin ya bushe shi ma yana son tsukewa, sai fuskar da ta riga ta sandare ta riƙe shi, ya yayyage daga ciki kamar saƙar zuma. Irin wannan katako a ido lafiyarsa lau, sai an sa masa zarto ake ganin ɓarnar. Wasu itatuwa, musamman jinsin turare, sukan ma loɓa, fuskarsu ta yi tudu da kwari. A Ostireliya, inda wannan itace ya samo asali, ana gyara wanda ya loɓa ta hanyar turara shi da tururi mai zafin kusan digiri 100.

Saboda haka duk wata dabarar gaggauta bushewa a kan abu ɗaya take tafiya: kada ruwa ya bar fuskar katako fiye da yadda na ciki ke iya biyo shi. Lokacin haɗari shi ne farko, daga ranar da aka yanka har ruwan ya sauko wajen kashi 30. A nan sauri kan haifi nawa. Bayan an wuce wannan, ana iya ƙara zafi sosai ba tare da fargaba ba. Akasarin masu hasarar katako sukan juya lamarin, su baza shi a rana tun yana ɗanye shataf, sannan su ɗauke shi kafin cikinsa ya bushe.

Kauri ma yana da nasa hukunci. Falanki mai inci biyu ba ninki biyu na lokacin mai inci ɗaya yake ci ba, yakan ci kusan ninki uku. Hanya mafi arha ta samun sauri ita ce a yanka gungume tun da wuri zuwa kusan kaurin da ake buƙata. Gungumen da aka bari da ɓawonsa zai yi shekaru cikinsa na jiƙe.

Shanya a iska

A ƙasashe masu sanyi masu sana'ar suna da ƙiyasin da suka gada: shekara guda ga kowane inci na kaurin itace mai tauri. A ƙasashe masu zafi lokacin ya fi haka gajarta nesa ba kusa ba, amma yadda aka jera katakon ne ke raba wanda zai bushe da wanda zai ruɓe.

Ana fara jeri ne a kan ginshiƙai na bulo ko siminti, a ɗaga shi daga ƙasa kamar santimita 30 zuwa 45, don iska ta bi ta ƙasa, gara kuma ta rasa hanya. Ginshiƙan su zama a miƙe sak, domin duk karkatar da ke ƙasa falankai za su ɗauke ta su bushe da ita. Tsakanin kowane sahu da na samansa ana gitta 'yan sanduna busassu masu kaurin kusan inci ɗaya, tazararsu santimita 40 zuwa 60, kowace a saitin ta ƙasanta, ta yadda in ka tsaya a gefe za ka ga sun yi layi ɗaya daga ƙasa har sama. Sandar da ta kauce wa layi takan danna falankin ƙasa ya lanƙwashe. Sandar da ke ɗanya kuma takan bar tabon da ko an goge ba ya fita. A saman jeri a ɗora kwano don inuwa da ruwan sama, a danne da duwatsu ko bulo, saboda falankan sama ba su da nauyin da ke danne su. Jeri siriri ya fi mai faɗi saurin bushewa, kuma ana so ya ba wa iska gefe, ta ratsa ta tsakanin sahu-sahu.

Bakin falanki, wato inda zarto ya datse zaren itace, yana fitar da ruwa ninki 10 zuwa 15 fiye da fuskarsa. Shi ya sa tsaga ke farawa daga nan, ta yi ta ci gaba har ta cinye taku guda na katako mai kyau. Maganinta a shafe bakin da narkakken kakin kyandir ko fenti mai kauri, a ranar da aka yanka. In an bari tsagar ta buɗe, shafi ba ya rufe ta.

Wanda ke da wutar lantarki yana iya sa fanka ta riƙa hura jerin a ƙarƙashin rumfa. Wannan yana rage kwanaki ƙwarai ga itace mai laushi da ke cike da ruwa. Ga itace mai tauri mai saurin tsagewa kuwa, a makonnin farko rage masa iska ake yi, har akan rataya buhuna a gefen da iska ke kaɗawa.

Ɗakin gashi

Iyakar shanya ita ce ba ta kai katako ƙasa da abin da iskar waje ta yarda. A inda laimar iska take kashi 65, katako zai tsaya a wajen kashi 12. A inda take kashi 80 zai tsaya a wajen 16, ko da ya shekara goma a jere. Don sauka ƙasa da haka, ko don cin lokaci, sai ɗakin gashi.

Ɗakin rufaffe ne, da bututun zafi, da fankoki, da kafofin fitar da iska mai laima, da wurin fesa tururi. Ana farawa da zafin digiri 40 zuwa 50 tare da laima mai yawa, ana ƙara zafi ana rage laima mataki-mataki har wajen digiri 80, ana bin nauyin wasu falankai da aka ware don gwaji. Kowane irin itace da kowane kauri da jadawalinsa. Falankin oak (wani itace mai tauri) mai inci ɗaya, wanda zai yi watanni a shanya, yakan ci kusan wata guda. Itacen pine mai laushi na ginin gidaje a kudancin ƙasar Amurka da Niyuzilan ana gasa shi a zafin da ya haura digiri 100, ya bushe cikin kwana ɗaya ko biyu. A ƙarshen gashi akan saki tururi na 'yan sa'o'i don fuskar katako ta ɗan sha ruwa, jan da ke tsakaninta da ciki ya saki.

Akwai ɗakin da ke aiki da na'ura mai kama da ta firji, tana tatse ruwa daga iska tana mayar da zafin cikin ɗaki. Akwai kuma tukunyar ƙarfe da ake zuƙe iskar cikinta. Idan matsin iska ya sauko kashi ɗaya cikin goma na wanda muke ciki, ruwa na tafasa a wajen digiri 46, don haka katako mai kauri yana bushewa cikin kwanaki ba tare da ya sha zafi mai yawa ba. Tsadarta ce ta sa ake keɓe ta ga katako mai daraja.

Mafi sauƙin ginawa shi ne ɗakin da ke aiki da rana: rufin gilashi ko farar leda mai kauri, ciki a shafe da baƙin fenti, da fanka ɗaya ko biyu. Tsarin da Jami'ar Virginia Tech ta yaɗa ya shahara a tsakanin ƙananan masu yanka. Ana karkata rufin gwargwadon nisan wurin daga layin da ya raba duniya kudu da arewa, wanda a Kano digiri 12 ne kacal. Abin sha'awa game da shi, da dare in ɗakin ya huce laima takan tashi, fuskar katako ta huta, don haka ba kasafai yake ɓata itace ba.

Gashi daban, kashe ƙwari daban, ko da yake akan yi su a ɗaki ɗaya. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISPM 15, wadda aka amince da ita a 2002, ta ce katakon akwatuna da dandamalin ɗora kayan fitarwa sai tsakiyarsa ta kai digiri 56 na tsawon minti 30. Katako na iya cika wannan sharaɗi yana nan da ruwansa.

Wasu tsofaffin dabaru

A ƙasar Bama, wato Myanmar, an daɗe ana zagaye gindin itacen tik da gatari, a yanke ɓawo da farin da ke ƙarƙashinsa, a bar shi ya mutu a tsaye shekara biyu zuwa uku kafin a sare. Da haka yake rage nauyi har ya iya yawo a kan kogi zuwa wurin yanka. Akwai kuma akasin sauri. Jirgin yaƙin Suwidin mai suna Vasa, wanda ya nutse a 1628 aka ciro shi a 1961, an yi shekara 17 ana fesa masa wani sinadari mai kama da kaki don ya maye gurbin ruwa, domin da an bar shi ya bushe haka nan da ya tsuke ya farfashe.

Katako a ƙasar Hausa

Yawancin katakon da ake sayarwa a 'yan katako na Kano da Kaduna da Sakkwato daga dazuzzukan kudu yake zuwa, sau da yawa kwanaki kaɗan bayan an yanka shi. Halinsa ya bambanta. Obece, wanda a Gana ake kira wawa, a Kamaru kuma ayus, yana bushewa da sauri ba tare da tsaga ba, amma in aka tara shi ɗanye babu iska, cikin 'yan kwanaki zai yi shuɗin tabo. Loko yana bushewa lafiya kuma ba ya yawan motsi bayan haka. Safele, wanda ya ci sunan garin Safele na jihar Delta, zarensa a sarƙe yake, yana son murɗewa in ba a danne shi ba. Malaina kuwa, duk da laushinta, tana cikin masu jinkirin sakin ruwa, takan bushe a waje ta ɓoye jiƙa a ciki.

Yanayin arewa yana busar da katako kyauta, amma da ƙarfi. A tsakiyar hunturu laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20, abin da ke ja katako zuwa kashi 4 ko 5. A watan Agusta takan koma wajen 70 zuwa 80, katakon ya hau kashi 13 zuwa 16. Falanki mai faɗin santimita 30 na itace mai matsakaicin motsi yana iya canza faɗi da kusan milimita 7 tsakanin waɗannan lokuta biyu. Wannan ne dalilin ƙofar da ke cijewa da damina, da teburin da ke buɗe baki da rani. Ɗanyen katakon da ya iso a watan Janairu inuwa da kariya yake buƙata. Wanda ya iso a Yuli shi ke buƙatar fanka. Ga tubaifo na rufin kwano ɗan ruwa ba ya da wani lahani, zai ƙarasa bushewa a sama. Ga ƙofa da gado da kabad kuwa, kafintan da ya san aikinsa yakan jera falankan a shagonsa na makonni kafin ya sa musu awo.

Gane bushewa

Kafintoci na ƙwanƙwasa falanki: busasshe yana amo, ɗanye yana ƙara a dushe, kuma yana da sanyi a tafin hannu. Dusarsa ma takan dunƙule in an matse ta. Na'urar awo mai allurai biyu tana ba da adadi amintacce tsakanin kashi 7 da 25 ko makamancin haka, amma iya zurfin allurar take gani. Wanda ba shi da ita yana iya ware falanki ɗaya daga tsakiyar jeri ya riƙa auna nauyinsa duk mako, yana rubutawa a jikinsa da fensir, har lambar ta daina sauka. Don gane ko akwai ja a ciki, ana yanko siririn yanki daga tsakiyar falanki, a cire tsakiyarsa da zarto ya zama kamar yatsu biyu. In yatsun suka tsaya a miƙe katakon ya saki. In suka rungumi juna, zai matse zarto a lokacin tsagawa, sai a mayar da shi ɗaki a ƙara masa tururi.