Neman maganin kare ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a cutar Parkinson

Cutar Parkinson, wadda likitan Landan James Parkinson ya bayyana a 1817, tana samuwa ne idan ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dofamin, mai taimakawa wajen sarrafa motsin jiki, a can cikin ƙwaƙwalwa suka riƙa mutuwa sannu a hankali. Sai hannu ya kama rawa ko yana ajiye a cinya, jiki ya sandare, taku ya gajarce, rubutu ya ƙanƙance. Maganin levodopa, da ya bazu tun ƙarshen shekarun 1960, yana cike gurbin dofamin, amma ba ya hana ƙwayoyin mutuwa. Har yau babu maganin da aka tabbatar yana rage wa cutar gudu.

Binciken ya samu ƙaimi a 1982, lokacin da wasu 'yan ƙwaya a jihar Kalifoniya suka yi wa kansu allurar hodar da ta gurɓata da sinadarin MPTP, cikin 'yan kwanaki jikinsu ya sandare kamar na masu cutar Parkinson, saboda sinadarin yana kashe ƙwayoyin da ke samar da dofamin. Da aka gano maganin selegiline yana hana wannan guba illata birai, sai aka gwada shi kan mutum 800 masu cutar a wani gwaji mai suna DATATOP. Masu shan sa sun jinkirta buƙatar levodopa, aka yi murna. Daga baya aka lura shi kansa maganin yana lafar da alamun cutar, don haka ba a iya rarrabe kariya da sauƙi na ɗan lokaci ba. Wannan ƙulli ne ya fi wahalar da fannin, ga kuma cewa kafin a gane cutar, kaso mai yawa na ƙwayoyin ya riga ya mutu.

Sinadaran ƙarin kuzarin jiki irin su bitamin E, coenzyme Q10 da creatine, da kuma maganin hawan jini isradipine, duk an gwada su, ba su yi ba. Wanda ya fi taɓa zuciya shi ne exenatide, maganin ciwon suga da aka samo asalinsa daga yawun wani ƙadangare na hamadar Amurka. Ƙaramin gwaji a Landan a 2017 ya ba da fata sosai, amma babban gwaji kan mutum 194 da aka fitar a 2025 bai nuna wani amfani ba.

Yanzu hankali ya koma kan rarrabe marasa lafiya bisa ƙwayoyin gado, kuma da alama nan ne hanya ta fi ɓullewa. A 2023, wani bincike da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ke cikin jagororinsa ya gano wani sauyi a ƙwayar gado ta GBA1 da ke ƙara haɗarin cutar ga 'yan asalin Afirka. A Birtaniya kuwa ana gwada maganin tari ambroxol, saboda yana ƙarfafa sinadarin da wannan ƙwayar gadon ke samarwa, mai share dattin cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa.